Kore Duka

Saman shagon mai gyaran fanka, a Ƙofar Ƙwaya,
nan ofishinmu yake: tebur uku, kujera huɗu,
ɗaya ba ta da baya.
Nan muka gina wa ƙungiyar manoma manhaja,
ni da Sahura.

Akwai wani yanki a cikinta da nake kira mai zaure.
Shi ke amsa sallama.
Buƙata ta shigo daga wayar wani, ya miƙe,
ya leƙa rumbu, ya ɗebo bayanin mutum yadda aka zuba shi,
da ƙaiƙayi da tsakuwa,
ya miƙa wa tafinta.
Tafinta ya sheƙe, ya juye a kwanon da allo ke ganewa:
suna nan, kadada nan, buhu nan.

Ranar da zan gwada mai zaure
na ce ba na son hayaniya.
Shi kaɗai nake tuhuma, me ya kawo tafinta?
Na sallame shi. Na ɗinka wani na tsumma,
na cusa masa magana a baki:
in an ba ka kaza, ka ce kaza.
Ya ce kaza.
Gwaji arba'in da ɗaya, kore duka,
shar, kamar gero a tsakiyar marka.
Na ɗauki hoton allon na tura wa Sahura,
na sauka wurin Ɗan'asabe
na ce a soya mini ƙwai biyu.

Ashe ni na yi tambaya, ni na amsa,
ni na duba takardar na ba kaina maki.

Ran Laraba Malam Lawandi ya hawo benen.
Daga Batagarawa, a bayan babur ɗin ɗan ƙanensa.
Taki biyu ya huta, taki biyu ya huta.
Bai zauna ba,
kujerar da ta rage ita ce marar bayan.
Ya ce, “Yaro, yaushe na yi kadada tara?
Biyu ce, ita ma gadon ubana.
Buhu tara aka rubuta mini na takin zamani,
na je sito, mai sito ya duba wayarku
ya jefo mini biyu.”

Na buɗe tafintan gaske.
Layi ɗaya.
Kadada ta zauna a gurbin buhu,
buhu ya miƙe ƙafa a gurbin kadada.
Duka lamba ce, babu wanda ya yi ƙorafi.
Kwamfuta ba ta san warin taki ba,
ba ta taɓa auna gona da ƙafa ba.

Daren nan aka ɗauke wuta da tara,
batir ya ce saura kashi talatin.
Na dawo da tafintan gaske zaure,
na zaunar da shi gefen abokin aikinsa,
na ƙirƙiro manomi mai biyu da tara,
ba biyar da biyar ba, yadda na saba don lalaci.
Na danna.

Ja.

Ban taɓa son jan launi haka ba.
Na bar shi a allon ya yi minti guda yana kallona
kafin na juya layin.

Da safe Sahura ta ce, “Kar ka yar da na tsumman,
yana da ranarsa.
Amma tafinta ma a yi masa tasa jarrabawar,
a kira gurabe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa sunansa.”
Muka ƙara gwaji sha tara.
Uku suka faɗi. Biyu laifina ne.

Buhu bakwai ɗin sun isa Batagarawa
bayan kwana goma sha ɗaya.
Masara ba ta karanta uzuri,
ganyen ƙasa ya riga ya yi rawaya.

Gwajin yana nan, na sa masa sunansa.
Duk wanda ya taɓa manhajar nan bayana
sai ya bi ta gaban Malam Lawandi,
yana tsaye,
kadada biyu, buhu tara,
bai zauna ba.